Hannun Illa Mahauci

Zuwa ga yayana Isuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina rubuto maka daga Tasawa, shekara uku da kai ka makwancinka a Korgom. Na gama karatu, Yaya. Ina aiki a labo na asibiti, ina auna jinin mutane, kuma aikin nan ne ya hana ni sukuni.

Ka san yadda ciwon ya yi da kai. Idanunka suka koma ruwan ɗorawa, cikinka ya kumbura har riga ta ƙi shiga. Ranar ƙarshe da hantsi ka yi aman jini ya cika ƙwarya, Inna tana tare maka baki da gyalenta kamar za ta mayar da shi ciki.

Abin da ba ka gani ba shi ne abin da muka yi bayan binne ka. Kawu Ada ya ce, “Hanta ba ta ruɓewa haka kawai, a nama aka ba shi.” Kowa ya san duk ranar kasuwa a rumfar abokinka Illa mahauci kake cin balangu, kuma kun yi sa-in-sa a kan iyakar gona. Muka tafi mu shida, rana tsaka. Muka kife tukubarsa, muka ja shi cikin toka. Kawu ya sauke masa sanda a baki, haƙora biyu suka zube. Ni ne na danne hannunsa na dama a kan gungumen saran nama, na buga da icce sau uku. Na ji ƙarar ƙashin. Yana tofar da jini yana cewa, “Laminu, ni fa na ɗauki gawarshi.”

Hannun ya warke a shanye. Ba ya iya riƙe wuƙa, kuma har yau mai guba ake kiransa.

A labo nake ganin masu zuwa ba da jini ga ’yan’uwansu: manoma, makiyaya daga Isawan, ’yan kabu-kabu, malaman lakwal masu koyar da boko, duk lafiyayyu a ido. Ba ya wuya analiz, wato gwajin da muke yi, ya nuna ƙwayar ciwon hanta nau’in B a jininsu. Ba zan faɗi adadi ba, don ban auna gari duka ba. Amma na gani sau da yawa har gabana ya daina faɗuwa.

Wannan nau’in ba ya bin abinci. Yana bin jini, da aska ko allurar da aka yi tarayya, da kwanciyar aure, da haihuwa. Yakan yi shekaru shiru kafin ya cinye hanta.

Na auna kaina, ina da shi. Na auna Inna, tana da shi. Jininka ba a taɓa aunawa ba, don haka ba zan rantse ba. Amma duk alamun da na lissafa na hantar da ta daɗe tana lalacewa ne, kuma ban ga komai da ke nuna Illa ba.

Da na gaya wa Kawu, ya shaƙo wuyan rigata ya ce in na buɗe baki a gari, na ce uwata ce ta kashe ɗanta ke nan, kuma zai yi wa bakina abin da ya yi wa na Illa. Na yi wata biyu ina tsoro. Makon jiya na zaunar da Inna, na yi mata bayani a hankali, na ce ba laifinta ba ne, ita ma ba ta san inda ta samo ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sai ta ce, “To shi yaron mutane, wa zai maida mishi hannunshi?”

Babu, Yaya. Sunansa kaɗai zan iya mayar masa. Ranar kasuwa mai zuwa zan tsaya gaban mai gari da sarkin fawa in faɗi abin da ke cikin jinina da abin da na yi da icce. Inna ta ce a amalanke za a kai ta, ta zauna kusa da ni. Kawu ya zo da sandarsa in ya so.

Allah Ya jiƙan ka, wana, Ya sanyaya makwancinka. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa Illa ya iya ɗaga ido ya dube ni, ko da bai yafe ba. Amin.

Ƙanenka,
Laminu