Lissafin Hafiza da na ƙunshe ƙosai da shi

Litinin, 12 ga Mayu
Na yi ɓarna yau. Takardun ƙunshe ƙosai suka ƙare mani da safe, na jawo wasu ƙarƙashin tabarmar ɗiyata Hafiza. Ashe aikin da malamin lissafi ya ba su ne, kwana huɗu tana kansa. Wai lamba guda, 30031, a gano ko tana rabuwa daidai ba saura, ko irin masu taurin kan nan ce da ba mai raba su sai ɗaya da su kansu. Da hannu, banda waya. Wanda ya kai cikakken aiki ran Alhamis shi za a tura gasa Katsina.
Da ta dawo tana nema na ce ƙila akuya ce. Astagfirullah.

Talata, 13 ga Mayu
Hafiza ta zane akuyarmu da tsumagiya, ta zauna tana kuka. Babanta ya ce ran kasuwar Dutsin-Ma za a kai akuyar a sayar. Ni ce fa kullum nike ce mata lissafin nan ba ya dafa tukunya.

Laraba, 14 ga Mayu
Na bi gidajen masu sayen ƙosaina. Wajen maƙwabciyata Kulu na samu guda, duk mai. Ta ce, “Ke Turai, yaushe kika fara bin takarda kamar akuya?” Ban yi dariya ba.
Na miƙa ma Hafiza. Ta shinshina, ta dube ni.
“Inna, akuyar tamu ƙosai take soyawa?”
Na faɗa mata gaskiya, na faɗa ma babanta. Can Hafiza ta ce shafin ƙarshe ne, ta gwada raba lambar da lambobi har hamsin da uku. Na karɓe mata wanke-wanke da ɗibar ruwa, ta wuni tana sake rubutun tun daga biyu.

Alhamis, 15 ga Mayu
Lambar ta rabu! Hamsin da tara sau ɗari biyar da tara. Hafiza ta kai ma malam aikin, har da shafin nan da ya sha mai.

Asabar, 17 ga Mayu
Sunanta ya fito, ita za a tura gasar. Akuya na nan, na ninka mata dusa.
Ɗazu na tsame ƙosai goma sha bakwai, na tsaya ina jera su bibbiyu, uku-uku, biyar-biyar. Ko yaya sai an yi saura. Har kasko ya fara hayaƙi. Ba zan faɗa mata ba.