Fim ɗin Sani da na goge

Assalamu alaikum Yaya Kabiru,

Ya aiki, ya iyali? Mu nan Gwarzo lafiya, sai haƙurin rashin autanmu Sani da ya rasu a hatsarin mota.

Ka tuna fim ɗin da ya haɗa cikin wasan harbe-harbe na waya, ya ɗora wa sojojin muryarsa? Da ya turo mini na ce shirme ne, na goge ban ko gama kallo ba. Wayarsa kuma ta farfashe a hatsarin.

Jiya Inna ta ce, "Hadiza, kunna mini fim ɗin nan in ji muryar Auta." Na ce mata babu caji.

Don Allah duba wayarka, ko ya turo maka. Ka sa shi a addu'a, ka gaishe da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza