Ranar Ukunki Muna Minna

Zuwa ga ƙawata Dije,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahama. Na san ba mai kai miki wannan takarda, amma abin ya cika mini ciki, kuma duk Suleja ba wadda zan faɗa wa sai ke.

Mun ci kofin, Dije. Kofin ƙwallon gora na matan jiha, wanda muka shekara uku muna fasa ƙwauri a filin firamare saboda shi. Ki yi mini barka mana, tunda a unguwarmu ba wanda ya yi.

Ciwon shawara ya ɗauke ki ranar Alhamis, wasan ƙarshe kuwa Asabar a Minna, daidai da sadakar ukunki. Na je gidan waya na roƙi sakataren gasar ya ɗaga mana ko da mako guda. Ya yi mini ta'aziyya mai daɗin ji, sannan ya ce an riga an raba katin gayyata, in ba mu zo ba 'yan Bidda za a miƙa wa kofin. Katin gayyata, Dije! Da shi aka auna ki.

Amma kada in ɗora masa duka. Ni ce kyaftin, ni na ce a tafi. Da safe mata na shiga gidanku da ƙoren gumba, motarmu ta bi ta ƙofar gidan, sandunanmu sun leƙo ta taga. Ban ɗaga kai ba sai da muka wuce Izom.

Mu goma muka buga, na hana a sa kowa a gefenki na hagu. Na yi ta gaya wa 'yan wasa don ke muke yi. To ga abin da ban faɗa wa kowa ba: da na jefa ƙwallon nan a raga, murna na yi, murna zalla, har da tsalle. Na ɗan lokaci na manta da ke sam. Ina son kofin nan, ba don ke kaɗai ba.

Ranar bakwai na naɗe shi a zane na kai wa Inna. Wai a haukata za ta ji sanyi. Innarki da ta yi mana kitso rana ɗaya tun muna aji ɗaya, ta zuba mana tuwo a kwano ɗaya! Ta dubi kofin, ta dube ni, ta tambaye ni ko shi ne ya zauna kusa da ita ranar uku. Tun daga nan in na gaishe ta sai ta kau da kai.

Kofin yanzu yana ofishin shugaban ƙungiyarmu, mutumin da bai taɓa zuwa ganin atisayenmu ba. Har hoto ya ɗauka da shi. Rigarki ta wasa kuwa an ba Talatu, 'yar ƙungiyarmu, ta rage mata hannu.

Jibi arba'in ɗinki. Inna ta aiko yayarki Hajara ta ce kada in wahalar da kaina, in akwai wasa in tafi abina.

Na san ki, Dije. Da kina da bakin magana, da ke za ki fara tura mu cikin motar, har ki zage ni in na yi nawa. Amma wa zai gaya wa Inna haka? In ni na faɗa, wa zai yarda? Ke kaɗai ce shaidata, kuma kin tafi kin bar ni da ita.

Ki huta lafiya. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki.

Taki har kullum,
Asabe