An Hautsina Takardun Kakanki

Salamu alaikum Rabi,

Ya gida, ya maigidan da jikokina? Nan Wudil lafiya, ban da zuciyata.

Na kai takardun ajamin kakanki inda ake ɗaukar tsofaffin rubuce-rubuce a kwamfuta. Warwara suke, babu lamba, kalmar ƙasan kowace takarda ke nuna ta gaba. Wani mai digiri ya jera su bisa tsawo, wai don hoto ya yi kyau. Yanzu a tarihin gidanmu an binne kakana kafin a haife shi.

Ni da na tsere daga aji huɗu nake sake jerawa kullum, mai digirin yana ta "Baba, yi sauri." Na ce injin ya jira, takardar ta girmi ubansa.

Ki yi min addu'a in gama ban mare shi ba. Gaida surukarki.

Babanki,
Ado