Takwarata ta taga

Ikilima 'yata,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin, ya nauyi? Ya mijinki Lukman da aikin gareji?

Kar ki yi fushi da na mayar da ke daga bakin ƙofa. Wallahi likita ne. Allurar nan ta ciwon kansa da aka yi min ba irin ta da ba ce. Wai sojan jiki ne suka ɗora masa wani haske, ya bi jini ya nemo ciwon inda ya ɓuya ya ƙona shi. To kafin hasken ya fita, ba ni ba mai ciki, ba ni ba yara, kofina ma daban. 'Yan kwanaki ne kawai. Uwar mijinki ta zo dubiya na yi mata bayani, ta miƙe ko lemonta ba ta shanye ba.

Na sayi itace da kanwa. Haihuwar fari ce, gida za ki zo wanka, ni zan miki.

Mamanki,
Hadijatu

Ikilima,

Ina gaisuwa. Ya jego, ya jaririya?

Ni dai na dawo Mararaba lafiya, tunda ba wanda ya kira ya tambaya. Haihuwarki a bakin Zulai mai kayan miya na ji. Na haɗiye, na ɗau mota har Apo ranar suna. Aka ajiye min kujera a waje kusa da janareta, aka ba ni shinkafa a roba mai murfi. Wai uwar mijinki ta ce lantarki ne a jikina, zan ƙona musu jika.

Watanni nawa yanzu, Ikilima? Gaban mijinki likita ya auna ni ya ce ba sauran komai. Kaluluwar wuyana ma ta sace. Lukman ya ji da kunnensa, amma gaban uwarsa ya zama kurma.

Su ban damu ba. Ke ce. Kika ɗago min jaririyar ta taga, kina min murmushi. Rabin yaran layinmu hannun nan ne ya wanke su, tawa kuma ta gilashi zan gani.

Kowa na min barka wai na warke. Na gode Allah.

Ki bar turo hoto. In za a kawo ta, ƙofata a buɗe take. In ba za a kawo ba, ku canza mata suna, kar ta tashi tana tambayar wace ce Hadijatu.

Ki gaida mutanen gidan.

Mamanki