Rasit ɗin Tsarabar Baba

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Ya sake yi. Ina tsakiyar yanka bidiyon hirar Malam Alfred, tsohon abokin karatun surukina, sai fuskar kwamfuta ta cika da zane kore-kore, fankar kati ta yi ƙugi, komai ya tsaya cak. Karo na uku ke nan cikin kwana huɗu. Aikin awa biyu ya tafi.

Katin girafik ɗin nan ko mako biyu bai cika a shagona ba. Shi ne ke ɗaukar nauyin bidiyo, in ba shi kwamfutar nan akwatin ƙarfe ce kawai. Kuma ba saya na yi ba, tsarabar Hajji ce daga Baba, mahaifin matata Ummu. Ko a littafin nan ba na iya rubuta sunansa. Sauran surukai sun samu dabino da jallabiya, ni kuwa ya sa Ummu ta rubuta masa lambar katin da nake mafarki, ya bi shagunan Jidda da takarda a hannu har ya samo. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana kiran sana'ata "wasan hoto".

Kuma shi ya tashi a taron ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsu ya ce, "Ɗana zai yi mana fim ɗin cika shekara hamsin." Ɗana fa. Za a nuna ranar Asabar 9 ga Agusta, gaban mutum ɗari uku. In fim bai fito ba, ba ni zan ji kunya ba, shi ne.

Laraba, 9 ga Yuli

Na kai wa Ikechukwu mai gyaran kwamfuta katin a shagonsa na bakin Kasuwar Gombe. A nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu. Ya sa katin a kwamfutarsa, minti goma bai yi ba zanen ya fito. Ya ce, "Malam Mu'az, wannan daga gida ya taho da ciwonsa. Kada ka bari kowa ya kwance shi, har ni. Rubuta wa kamfani."

Tsohon katina kuwa na ba shi tun ranar da sabon ya zo, ya wuce Kaltungo hannun wani. Ya ce zai ara mini ƙaramin da ke cikin tasa kwamfutar. Na ƙi. Gefen akwatin kwamfutata gilashi ne, Baba kan leƙo shago in ya zo unguwarmu Pantami, ya tsaya yana kallon fitilar katinsa. Ya zo ya ga babu, in ce masa me?

Na rubuta imel, na haɗa hotuna. Sun ba ni lambar ƙorafi, wai cikin awa arba'in da takwas za a amsa.

Litinin, 14 ga Yuli

Awa ɗari da ashirin. Shiru kake ji wai malam ya ci shirwa.

Alhamis, 17 ga Yuli

Sun amsa. Wai in kashe kwamfuta in kunna. Kwana takwas ina jira don a koya mini kashewa da kunnawa! Wata mai suna Joan ta sa hannu, in ma mutum ce. Ta ce suna jin daɗin haƙurina. Wa ya ce mata ina da haƙuri? Na mayar da amsa mai zafi, na goge rabi, na tura.

Ina aiki minti ashirin-ashirin, in adana, in bar shi ya huce. Ummu ta ce ko a gida ina zabura in fankar ɗaki ta canza sauti.

Talata, 22 ga Yuli

Ofishin Afirka ya ce ba nasu ba ne tunda a Saudiyya aka saya. Ofishin can ya ce tunda ina Najeriya in koma na Afirka. Sabuwar lambar ƙorafi, sabon layi. Da za su ɗauko kati daga ma'ajiya su ba mai saye ba su tambayi ƙasarsa ba. Allah ya isa tsakanina da su.

Saura kwana goma sha takwas.

Juma'a, 25 ga Yuli

Bayan masallaci na buɗe waya, sai ga Joan. Sun yarda. Rukunin katin da aka ƙera a watan nan yana da matsala, sun sani tuntuni (sun sani!), za su turo sabo ta jirgi, kwana biyar ya iso. Har na ce alhamdulillahi da ƙarfi a bakin titi.

Sai layin ƙarshe. In turo hoton rasit na asali cikin kwana bakwai, in ba haka ba su rufe ƙorafin.

Rasit yana wajen Baba.

Asabar, 26 ga Yuli

Mun yi da Ummu. Ta ce bari ta je gidansu a GRA ta karɓo, minti biyar ne. Na ce kada ta kuskura. Ta yaya za a je wa mutum a ce tsarabar da ka ɗauko daga ƙasa mai tsarki lalatacciya ce, ba mu takarda mu ga nawa ka saya? A gidanmu ko ƙwai aka ba ka ka tarar ya dame, godiya kake ƙarawa. Ta ce, "Abban Su'ad, to ka zauna da kunyarka, ita za ta fitar maka da fim." Na ɗaga murya. Su'ad ta fashe da kuka. Ban kyauta ba, na sani.

Ikechukwu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Rasit fa za ka roƙa, ba 'yarsa ba. 'Yar ma ai ya ba ka." Shi ba zai gane ba. Ko kuma ya gane sarai, oho.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na je da niyya. Wallahi da niyya na je, tun daga kwanar Pantami nake jera maganar a kan mashin. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa, muka gaisa. Sai ya rigaye ni. "Yaya ƙarfen nan namu, yana aiki?" Fuskarsa duk murna.

Na ji bakina ya ce, "Lafiya lau, Baba. Ba a magana."

Ya ce madalla. Ya ce ranar Alhamis zai zo shago da shugaban ƙungiya da Malam Alfred, su ga inda aka kwana, kuma yana son su ga ƙarfen da idonsu. Na ce Allah ya kai mu. Na hau mashin na koma gida.

Talata, 29 ga Yuli

Na tura musu hoton kwali da lambar da ke jikinsa, na ce kyauta aka ba ni, ko zai wadatar? Shiru. Na kira lambar wayarsu, kiɗa suka sa mini har kuɗin wayata ya ƙare.

Ina zaginsu a nan kan jinkiri, amma tun Juma'a su ke jirana. Ba na son wannan tunanin.

Alhamis, 31 ga Yuli

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sun zo ƙarfe sha ɗaya, manyan riguna uku a ɗan shagona. Tun safe na sa fanka biyu suna hura akwatin, ina ta addu'a ya ba ni minti goma sha biyar kawai. Baba ya nuna musu fitilar ta cikin gilashi, ya ba da labarin yadda ya sha yawo a Jidda. Na kunna. Minti shida lafiya, har Malam Alfred yana dariyar ganin kansa. Da fuskar Baba ta fito yana jawabi, sai zane kore ya tsaga ta gida-gida, murya ta maƙale a kalma ɗaya tana maimaitawa, sai duhu.

Shugaba ya gyara hula ya ce, "To, Alhaji, saura kwana tara fa. Da ma akwai wani yaro a Bauchi da aka ba mu lambarsa."

Baba bai kalle shi ba. Ni ya kalla. "Tun yaushe?"

Na ce tun makon farko. Na ce kamfani sun amsa laifinsu, rasit kawai suke jira, gobe wa'adi ke cika. Duk ƙasa nake kallo.

Ya juya wajen abokansa ya ce, "Ni na sayo, ban san kan abin ba. Laifin nawa ne. Fim kuma shi zai yi." Ya fita bai yi mini sallama ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 1 ga Agusta

Ƙarfe tara ina buɗe shago motarsa ta tsaya. Da kansa. Ya miƙo mini ambulan, ya ce tun Jidda yake cikin fasfo.

Na buɗe. Rasit ne, amma an bi da reza an yanke ƙasansa tsaf, inda kuɗin yake. Ya ce tun a masauki ya yanke, don kada wata rana takardar ta faɗo hannuna in ga farashi in ji nauyi. Kwanan wata da hatimin shago duk suna jikin guntun da ya yar.

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na ɗauki hoton haka na tura, na yi dogon bayani da Turancin da nake da shi.

Talata, 5 ga Agusta

Wannan karon kwana huɗu kacal suka yi. An taɓa rasit, ba za su karɓa ba, an rufe ƙorafi. In ina so in buɗe sabo. Suna jin daɗin haƙurina.

Na kira Baba na karanta masa, ban ɓoye komai ba. Sai ya ce, "Shekara talatin da biyar ina ofis. Mutum ya zo daga Dukku da takarda, in ce babu hatimi, ya dawo mako mai zuwa. Ban taɓa tambayar kaina yadda yake komawa gida ba." Na ce Allah ya sa mu dace.

Da la'asar na je na karɓo ƙaramin katin Ikechukwu. Bai yi mini gori ba, sai da na kai ƙofa ya ce in gaida suruki.

Laraba, 6 ga Agusta

Ƙaramin katin ba ya zane, amma tafiyar hawainiya yake. Mun gwada lissafi da Ikechukwu: fim ɗin minti talatin da takwas ba zai gama fita daga kwamfuta kafin Asabar ba, ko da ba a ɗauke wuta ba, kuma za a ɗauke. Minti ashirin da shida zai yiwu, da ƙyar.

Tsofaffi goma sha ɗaya, kowa minti biyu. Jawabin Baba shi kaɗai minti goma sha huɗu.

Na zauna ina kallon layin jawabin nan nasa a kwamfuta har azahar. Zan iya yanke kowa kaɗan-kaɗan in bar nasa, fim ya zama shirme. Zan iya yanke nasa in yi shiru, ya gani a zaure gaban jama'a. Ummu ta kawo abinci shago, ta dube ni ta ce, "Kada ka sake ɓoye masa." Ba ta ƙara ba.

Na je GRA. Na ce, "Baba, jawabinka ya yi tsawo. Minti biyu zan bari." Haka na faɗa, ba kwana-kwana. Hajiya surukata da ke wucewa da faranti ta tsaya.

Ya ce, "Wanne za ka bari?" Na ce inda ya ba da labarin ranar da suka zo makaranta a bayan motar gyada. Ya ce ai wannan ba shi ne mai muhimmanci ba, akwai batun tarbiyya. Na ce shi ne mai daɗi, sauran kowa ya taɓa ji. Ya ce, "Kai ne mai sana'a."

Juma'a, 8 ga Agusta

An ɗauke wuta sau biyu, janareta ya riƙe. Fim ya gama fita ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Na kalla daga farko har ƙarshe a tsaye.

Lahadi, 10 ga Agusta

An nuna jiya. Minti ashirin da shida, ba zane ko ɗaya. Wajen motar gyada zaure ya ɗauki dariya, wani tsoho a gaba yana share ido da hula. Shugaba ya riƙe hannuna ya ce ashe haka nake. Bai ambaci Bauchi ba. Baba yana can teburin manya, bai ce mini komai ba, ni ma ban matsa ba.

Katin yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin tebur. Har yanzu raina yana tafasa in na tuna sun san yana da ciwo suka sayar.

Ɗazu bayan azahar ya kira. Ya ce ba a gama da mutanen nan ba, ya sa wani abokinsa a Jidda ya koma shagon ya nemo kwafin rasit, kuma gobe ƙarfe tara zai zo mu buɗe sabon ƙorafi, shi zai faɗi wasiƙar in buga, ya san yadda ake tayar da fayil ɗin da ya kwanta. Na ce tara ba za ta yiwu ba, zan kai Su'ad rigakafi, ya zo sha ɗaya, kuma wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya don ba sa karanta doguwa. Ya ce to.

Sai da na ajiye wayar na ga Ummu a bakin ƙofa ta saki baki. Ta ce, "Da wa kake magana haka?"

Na ce da Baba mana. Ban ga abin kallo ba.