Hannun da Ya Naɗa Mini Mayafin Rumawa

Tsafe, Jihar Zamfara,
Watan Yuni, 1998.

Zuwa ga Delu, sanyin idona, inuwar da na fake a ƙarƙashinta tun ina da baƙin gemu har ya koma fari fat; gawona mai kore a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe ganye; ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ki gaida mini 'yarmu Habiba da maigidanta Halliru, da ɗan angon nan naki da ya zo duniya jiya jiya ya ƙwace mini mata.

Tun da kika tafi Bungudu jegon Habiba, gidan nan ya zama kango mai rufi. Kin ce da an yi arba'in za ki dawo. An yi arba'in, an yanke gero, rani ya zo ya wuce, ga shi har an sake shuka, ke shiru. Maƙwabciyarmu Lami tana aiko mini tuwo, Allah ya saka mata, amma miyarta ba ta san bakina ba. Jiya kuma direban motar Bungudu ya tsaya a ƙofar gida da saƙon Halliru, wai a ba shi akwatinki da kwallayenki, tunda can kin fi kusa da asibitin Gusau. Na ba shi ruwa ya sha, na sallame shi hannu rabbana. Akwatin nan ba zai fita ɗakin nan ba sai na ji daga bakinki. Ashe haka ake raba mutum da rabin ransa, a aiko direba?

To ga labari, farin watana, wanda ba ni da wanda zan fara ba sai ke. Kin tuna Yusha'u, ɗalibina mai doguwar wuya da ke zuwa gidanmu a Gusau yana cinye miki ƙanzo? Yanzu shi ne shugaban wata sakandare a can. Ya zo har gida ya durƙusa, da tumbinsa da komai, ya ce yaran yanzu ba su san an taɓa yin Girkawa da Rumawa a duniya ba, domin an daɗe da cire su daga abin da ake koyarwa. Ya roƙe ni in zo kafin hutu in tsaya gaban 'yan ajin ƙarshe, in yi musu darasi ɗaya irin na da. Kuma ya kafa sharaɗi: sai da mayafin.

Mayafin, Delu! Wa ya san sirrinsa in ba ke ba? Ranar da na kawo miki hoton wani dattijon majalisar Rum, na ce so nake yara su ga irin wannan shiga da idonsu, kin daɗe kina juya hoton, sannan kika ce ai wannan ɗaurin zani ne da ya yi girman kai. Kika aika kasuwa aka yanko farin alawayyo mai tsawo, kika tsayar da ni tsakar gida kamar turmi, kina zagaya ni. Kika ɗora gefe ɗaya a kafaɗar hagu, kika zagayo da shi ta baya, ta ƙarƙashin hammatar dama, kika sake jefa shi kafaɗa, kina tsara ninkin da yatsunki ɗaya bayan ɗaya. Ba allura, ba zare, ba ƙulli. Har yau ina jin ɗumin tafinki a bayana, da numfashinki mai ƙamshin kanumfari a wuyana.

Da yake ba a hawa keke da irin wannan shiga, a ƙafa na tafi makaranta, ta bakin tasha. Wayyo mutanen Gusau! Suka ga namiji cikin farin ƙyalle marar ɗinki, suka ce Malam Manu ya ɗaura harami. Direbobi suka bar lodi suna yi mini Allah ya kai lafiya. Wata tsohuwa mai fura ta danƙa mini goro, ta ce in na isa Ɗakin Allah in roƙa wa 'yarta haihuwa. Wani mai sayar da tabarmi kuma ya biyo ni da faɗa, wai wane irin malami ne zai ɗaura harami da hula a kansa, kuma watan aikin Hajji da saura. Na tsaya ina yi masa bayanin majalisar Rum, ya ce shi dai bai taɓa jin an bi ta can zuwa Makka ba. Da na dawo na ba ki labari, kin yi dariya har kika zauna a ƙasa kina share hawaye da bakin zani. Na yi karatu a Zariya a hannun Turawa, na ji waƙe-waƙe iri iri a rediyo, ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan dariya ba.

Amma da na shiga aji a ranar, yara suka miƙe tsaye ba wanda ya umarce su. Ba zan ɓoye ba, ina alfahari da aikin da na yi. 'Ya'yan manoman Wanke da Magami, waɗanda ba su taɓa ganin teku ba, na sa sun san tsibiran Girka kamar unguwanninsu. Na kwashe su zuwa dutsen Kwatarkwashi, na tsayar da kaɗan a wata matsattsiyar hanya, na ce sauran su gwada wucewa, har suka gane da jikinsu yadda 'yan tsirarun mayaƙan Girka suka tare rundunar Farisa. Na nuna musu yadda mutanen birnin Atina na Girka ke rubuta sunan wanda suke so a kora daga gari a kan tsingaro, kuma ke kika tara mini fasassun tukwane har maƙwabta suka fara tambayar lafiyarki. Yau cikinsu akwai alƙalai, akwai likitoci, akwai masu zama a majalisar sabuwar jiharmu. In sun gan ni sukan cire takalmi. Su suna cewa Malam ya yi ƙoƙari. Ni na san rabin ƙoƙarin a tsakar gida aka yi shi, da hannun wata mace da ba ta taɓa leƙa ajin ba.

Shekaranjiya na ciro mayafin na gwada naɗawa da kaina. Kafaɗa ta zube, ƙyallen ya sulale ƙasa kamar ruwa a kan dutse. Lami ta leƙo ta ce ta taimaka, na ce mata Allah ya yi albarka, ta bar shi. Yaya zan bari wani hannu ya bi inda naki ya bi? Tsuntsu yana sheƙa a reshe biyu? Ya kurciyar gidana, ya rijiyar da ba ta ƙafe mini ko a tsakiyar bazara, na koyar da faɗuwar manyan dauloli ban zubar da hawaye ba, amma ɗakinki a rufe ya fi ƙarfina.

Ga roƙona. Ki zo ki naɗa mini shi, ki bi ni Gusau, ki zauna a kujerar gaba a ajin. Yusha'u ya yi alkawarin mota har ƙofar gidan Halliru, ba za ki taka da nisa ba. So nake sau ɗaya ki ga abin da hannunki ya yi, in kuma nuna ki ga yaran in ce ga malamar malaminku. Daga can mu wuce Tsafe tare. Asibiti ni zan riƙa kai ki, ko da sanda nake dogarawa. Ruwan zafin gasa gwiwa ni zan dafa, na koyi hura wuta a zaman nan.

In kuwa kin duba kin ga ƙafar ba za ta iya zaman Tsafe ba, kada ki ɓoye mini don kunya. Kin san ni, ko ruwa ban cika sha a gidan suruki ba, balle kwana. To ki shaida wa Halliru ya share mini ko zaure ne. Zan kulle gidan da na gina da gumina, in ɗauko akwatinki da kaina in kawo miki, mutanen Tsafe su faɗi abin da za su faɗa. Da in zauna da girmana a inda ba ki, gara in zauna a raɓe a inda kike.

Naki tun ranar da aka shafa fatiha, naki har ranar da za a miƙe ni a dama,

Malam Manu.